Aron Ido

Har yau Mai Rediyo ake ce masa, duk da rabonsa da buɗe cikin rediyo an daɗe. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake zama a ƙofar wani kanti da ɗan teburinsa mai ɗingishi, ana kawo masa rediyoyin da suka shaƙe ko suka yi gum. Da kasuwar rediyo ta ja baya ya koma gyaran kaset. Da kaset ta mutu ya ɗan taɓa agogo, bai ji daɗinsa ba. Sai waya ta shigo, mai maɓalli tukuna, daga baya ta shafawa. Duk sabon samfurin da ya fito sai ya nemi lalatacce ya saya, ya kai gida ya farke shi a tsakar ɗaki, matarsa tana faɗa wai ƙananan notuna suna soke wa yara ƙafa. Ba ya tashi sai ya gane inda ran abin yake.

Shagonsa yana cikin wani dogon layi na masu gyaran waya, a ƙarƙashin wani tsohon bene. Ɗan mitsitsi ne, in ya buɗe hannuwansa sai ya taɓa bangon dama da na hagu. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa baƙar roba, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ɗan maganaɗisun da yake tara notuna a kai. A waje akwai benci mai ɗaukar mutum uku in babu mai jiki a cikinsu. Bangon hagu na katako ne, an yanke masa 'yar taga daidai kafaɗar wanda yake zaune. A bayan tagar nan Baban Tagwaye yake.

Tare suka koyi gyara a hannun ubangida ɗaya, tare suka sha zagi da ranƙwashi. Lokacin da Baban Tagwaye ba shi da wurin kwana, a ɗakin Mai Rediyo ya rakuɓe har ya samu nasa. Ranar da naƙudar tagwayen ta tashi uban yana kan hanya, Mai Rediyo ne ya nemo mota ya kai matar asibiti, ya tsaya a baranda har nas ta fito tana yi masa barka da samun biyu, a zatonta shi ne mijin. Halinsu kuwa ko kusa bai zo ɗaya ba. Baban Tagwaye mai baki ne, in ka tsaya tambayar hanya a shagonsa sai ka tafi da sabon batir. Mai Rediyo sai ya wuni bai ce uffan ba in ba tambayarsa aka yi ba. Ta tagar nan suke miƙa wa juna sukundireba, da gam, da kofin shayi, da tsegumin layi. Ko sayen kaya tare suke yi: su haɗa su ɗauko kwali guda na sikirin, wato sabuwar fuskar waya, su raba.

Abin da aka san Mai Rediyo da shi a layin nan shi ne gwaji. In aka kawo masa waya fuskarta a farfashe, ba ya taɓa gam sai ya gwada sabon sikirin. Zai raba batir da injin wayar, ya maƙala ɗan siririn harshen sikirin ɗin a mazauninsa, ya bar shi kwance a gefe da ledarsa a jiki, sannan ya mayar da batir ya kunna. Sai ya cika fuskar da fari, ya duba ko akwai tabo ko inda ya ja rawaya. Ya mayar da ita baƙa, ya duba ko haske yana tsiyaya ta gefe. Ya bi ja da kore da shuɗi yana neman ɗigon da ya ƙi sauya launi. Ya ƙure haske, ya rage. A ƙarshe ya ɗora yatsa a kan wata 'yar alama ya riƙa jan ta lungu-lungu. In ta kuɓuce masa a wani wuri, to wurin nan ba ya jin taɓi. Duk wannan saboda in ka ɓare leda ka shafa gam ka danne, magana ta ƙare. Dila ba ya karɓar wanda aka liƙa, ciro shi kuma galibi fashewa yake.

Masu sauri sukan ƙosa. "Baba, don Allah ka liƙa kawai, sabo ne fa a kwalinsa."

"Kwalin na gani sabo," yakan ce. "Na ciki ba mu gaisa ba tukuna."

Su yi tsaki, su jira, kuma gobe su turo 'yan'uwansu. A wannan teburin ya ciyar da gida, ya yi wa yara makaranta, ya saya wa matarsa keken ɗinkin da take aiki da shi.

Ciwon ido bai zo masa da zafi ba. Da farko ya ɗauka fitilar ce ta tsufa, ya sauya ƙwai. Daga nan ya ɗauka tabarau ne, ya sayi mai kauri. Sai ya lura duk farin da ya kalla yana ganinsa kamar tsohuwar takarda, kuma haske in ya yi yawa sai ya watse masa kamar hayaƙi. Hannunsa bai manta komai ba, ko da ido a rufe yana iya kwance waya ya ɗaura. Amma gwajin nan da ya yi suna da shi aikin ido ne zalla. Ta yaya zai gane sikirin ya ja rawaya alhali duniyar gaba ɗaya ta ja masa rawaya?

Bai gaya wa matarsa ba. Ya san za ta ce asibiti, shi kuwa ko tunanin a kusanto idonsa da wuƙa ba ya son yi. Ya kuma san layinsu: ranar da aka ji idon mai gyara ya tafi, ranar bencinsa zai zama wurin hutun masu jiran wani shagon.

Wata rana da azahar, kasuwa ta yi sanyi, ya ƙwanƙwasa katakon.

"Mutumina, matso ka ji."

Baban Tagwaye ya leƙo yana tauna wani abu. "Lafiya? Ka yi murya kamar mai shirin wasiyya."

Mai Rediyo ya faɗa masa komai, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tebur. Baban Tagwaye ya daina taunar. Ya zuro hannu ta tagar ya dafa kafaɗarsa.

"Shi ne ka zauna kana cin ranka kai kaɗai? Haba, mutumina. To ni amfanina me? Ka haɗa, ka kunna, ka miƙo min ta nan kamar kana ba ni aron kaya. In duba in ce maka liƙa ko kar ka liƙa. Idona idonka ne. Maganar nan kuma daga ni sai kai."

Mai Rediyo ya ji ƙwalla ta taru masa, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur. Ranar nan da ya koma gida, har matarsa ta tambaye shi wane albishir aka yi masa, don ya ci abinci har da neman ƙari.

Haka aka ci gaba. Ya haɗa, ya miƙa, bayan ɗan lokaci murya ta fito daga tagar: "Lafiya lau, liƙa." Zuwa wurin dila ma Baban Tagwaye ya ɗauke masa, wai tsallaka babban titi da wannan idon ganganci ne. Shi zai je ya ɗauko kwalin, shi zai raba, ya turo wa Mai Rediyo kasonsa.

Ba a jima sosai ba aikin da ya yi ya fara dawowa da ƙorafi. Na farko wani direban tasi ne da ya daɗe yana zuwa wurinsa.

"Baba, duba nan. Wani layi kore siriri kamar zare, tun daga sama har ƙasa. Ina fita na gan shi."

Mai Rediyo ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da fuska, ya karkata ta. Bai ga komai ba.

"Na gani," ya ce. Tun da ya fara sana'a bai taɓa yi wa mai kaya ƙarya ba sai ranar. Ya ciro sikirin ɗin, ya fashe a hannunsa, ya sa wani daga nasa.

Da direban ya tafi ya juya wajen tagar. "Mutumina, wannan ba ka duba shi ba?"

"Na duba mana, tsaf yake. Kayan yanzu ne ba su da ƙwari. Wani sai an danne shi da gam aibinsa yake fitowa." Ya leƙo ta tagar. "Ko dai hannunka ya fara nauyi wajen dannawa? Ka san jiki in ya fara, ba ido kaɗai yake tsayawa ba."

Maganar nan ta shige shi. Daga ranar ya riƙa danna sikirin kamar mai taɓa ƙwai. In yana zaune shi kaɗai sai ya miƙa yatsunsa ya zuba musu ido ya ga ko rawa suke. Aiki bai fasa dawowa ba. Wata malamar makaranta ta ce gefen nata ya yi kamar an zuba masa shayi. Wani ya ce nasa yana ƙyaftawa in ya rage haske. Wasu ba su dawo da ƙorafi ba, ba su kuma sake dawowa ba sam. Bencinsa ya koma wurin da masu jiran Baban Tagwaye suke zama in na can ya cika. Yana jin muryoyin da ya sani suna gaishe shi a gurguje su wuce gaba. Ya ce a ransa ai gara su je wurin mutumina da su je wurin bare.

Ana nan sai wayar matarsa ta zame daga kan keken ɗinki ta faɗi a kan siminti. Da safe ta naɗe ta a ƙyalle ta ba shi. "Mata suna nemana a kan ɗinkinsu, don Allah kar ta kwana."

Ya bari sai da ya sallami na gabansa. Ya zaro sikirin daga kasonsa, ya haɗa, ya kunna, ya miƙa ta taga.

"Lafiya lau, liƙa," in ji Baban Tagwaye, ya turo masa.

"Madalla. Bari in yi sauri, ta uwar yara ce, tun safe take jira."

"Ta wa?"

"Ta gidana. Ba ka gane ta ba?"

Sai ya ji kujera ta motsa, aljihun tebur ya buɗe. Hannu ya zuro ta tagar riƙe da wani sikirin a kwali.

"Ungo wannan, sa mata shi. Ba ni wancan."

"Ba yanzu ka ce lafiya lau ba?"

"Lafiya lau ne mana. Wannan dai ya fi haske. Ka san mata da son abu mai ƙyalli, kar ta ce mun yi mata rowa." Ya yi dariya.

Mai Rediyo ma ya yi dariya, ya karɓi sabon. Amma bai miƙa na farkon ba. "Bar shi a nan, na sa wa wani," ya ce. Hannun ya ɗan tsaya a tagar a buɗe, sannan ya janye.

Bai liƙa ko ɗaya ba. Ya zauna wayar tana gabansa a buɗe. Tun da suke sayen kwali tare bai taɓa jin akwai mai haske da marar haske a kwali ɗaya ba. Da la'asar ta yi ya zuba wayar da sikirin biyun a jaka, ya kwashe sauran kasonsa duka ya haɗa, ya rufe shago da wuri, ya ce kansa ke ciwo.

Ya tarar da matarsa a bakin taga inda kekenta yake, tana jera zare a kan wani yadi tana neman wanda ya dace. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya haɗa sikirin na farko, ya cika shi da fari.

"Duba min nan. Me kike gani?"

Ta kalli wayar, ta kalle shi. "Kai me kake gani, Malam?"



Ta ajiye zaren. "Kana tsammanin ban sani ba? Tun yaushe kake zuba shayi a gefen kofi ina bi ina gogewa? Rannan jikarka ta shigo ka kira ta da sunan yayarta. Na zuba maka ido ne in ga ranar da za ka faɗa min da bakinka."

Sai ya faɗa mata, har da maganar taga da aron ido. Ta saurara har ya gama.

"Ashe ka faɗa," ta ce. "Ni ce dai ban kai a faɗa wa ba."

Ta jawo wayar gabanta, ta kare hasken taga da tafin hannu.

"Wannan ai ko yaro ya gani. Kusurwar nan ta ƙasa duk ta yi rawaya, faɗinta ya kai babban yatsa. Ga wani ɗigo baƙi a tsakiya."

"Sai an lura sosai?"

"Malam, daga bakin ƙofa zan hango shi."

Ya cire, ya haɗa na biyun, wanda aka ba shi da aka ji wayar ta gida ce. Ta duba fari, ta duba baƙi, ya nuna mata yadda ake jan alama ta ja. "Wannan tas yake," ta ce.

Akwai wata tsohuwar waya irin tata a gidan da wasu da yake ajiyewa don gwaji. Ya ɗauko su, suka bi sauran kason ɗaya bayan ɗaya, yana haɗawa tana dubawa. Mai layi, mai tabo, mai ƙyaftawa, wanda gefensa ba ya jin yatsa. Masu lafiya ta ajiye a dama, masu aibi a hagu. Da suka gama, na dama ba su taka kara sun karya ba. Ya ɗora hannu a kan tulin hagu ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wataƙila shi ma dilan ne ya cuce shi," ya ce.

"Dilan ne ya ce maka liƙa?"

Washegari ya fita da wuri. Layin bai cika ba, sai matar da take sayar da caja da rigunan waya a shagon da ke kallon nasa, tana share ƙofarta. Ta girme wa 'yarsa ta fari da kaɗan, Baba take ce masa. Ta gaishe shi, ta ƙara da cewa, "Ya idon kuma? Ana samun sauƙi?"

Makullin ya tsaya masa a hannu. "Wa ya ce miki ina ciwon ido?"

Ta daina sharar. "Ayya, Baba, na ɗauka ba ɓoyayye ba ne. Ai kowa a layin nan ya sani. Maƙwabcinka ne yake cewa a riƙa yi maka uzuri. In mutum ya zo nemanka ba ka nan, ko ka juya baya, sai ya ce masa, tsohon nan idonsa ya tafi, ni nake rufa masa asiri, kawo in yi maka kar a ɓata maka kaya. Wallahi mu har yaba masa muke."

"Haka ne," in ji Mai Rediyo. "Na gode, 'yata."

Ya buɗe shago ya zauna. Ya ji zuwan Baban Tagwaye tun daga bakin layi, yana raba gaisuwa da barkwanci shago-shago. Ya jira har ya zauna. Sannan ya ɗauko sikirin ɗin jiya mai rawaya a kusurwa, ya haɗa a wata waya, ya miƙa ta taga. Har a lokacin yana roƙon Allah a ransa mutumin ya ce kar ka liƙa.

"Lafiya lau, liƙa."

Mai Rediyo bai karɓi wayar ba. Ya tashi ya zagaya, ya shiga shagon Baban Tagwaye, abin da ya daɗe bai yi ba, ya jawo labule.

"Sake dubawa. Kusurwar ƙasa, ta hagu."

Baban Tagwaye ya kalli wayar, ya ajiye ta a hankali.

"Ga kuma ɗigo a tsakiya," in ji Mai Rediyo. "Ni ban gan su ba. Matata da na ɓoye wa na faɗa maka, ita ta gani."

"Mutumina, zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

Baban Tagwaye ya shafa fuska. Da ya buɗe baki, muryar ciniki ce ta fito, wadda yake lallashin masu waya da ita. Ya ce tsohon dilansu ya tsawwala, shi ya sa ya koma wani mai sauƙi, sai dai shi wannan ba ya karɓar kaya in sun fita, ko da leda a jiki. Kowane kwali kuma ba a rasa masu aibi. "To ya zan yi da su? In zubar? Na ga masu zuwa wurinka yawanci manya ne, kira kawai suke yi su amsa. Wa zai tsaya duba wani ɗigo? Nawa kuwa yaran zamani ne, ƙwayar ƙura suka gani sai sun tara min jama'a."

"Shi ya sa ka ware min su."

"Ba haka nake nufi ba. Abin ne ya zo a haka. Sau ɗaya na yi, na ga ba abin da ya faru…"

"Da suka fara dawowa fa? Na tambaye ka. Ka ce hannuna ne." Ya ɗaga hannuwan nasa biyu. "Na zauna ina kallon yatsuna ina jiran in ga sun fara rawa. Ido ya tafi, na haƙura, na ce saura hannu. Shi ma ka ce min ya tafi, alhali ka san lafiyarsa ƙalau."

Nan Baban Tagwaye ya harzuƙa. "To ni ban yi maka komai ba ke nan? Wa yake tsallaka titi ya ɗauko maka kaya? Wa yake barin aikinsa ya duba naka? Da ba don ni ba da tuni ka rufe shagon nan. Ni na rufa maka asiri!"

"Mai caja ta gaya min irin rufin da ka yi."

A waje wani yana ƙwanƙwasa benci yana tambaya ko akwai mutum a ciki. Mai Rediyo ya ɗauki wayarsa ya fito.

Ranar bai karɓi aiki ba. Ya nemo guntun katako da ƙusa ya toshe tagar. Da yake ba ya ganin kan ƙusar sosai, sau biyu yana bugun yatsansa. Duk layin an ji bugun gudumar, ba wanda ya zo tambaya.

Abin da ya biyo baya ya fi toshe taga wuya. Ya koma wurin tsohon dilansu da kansa, matarsa tana riƙe da gefen rigarsa wajen tsallaka titi. Ya aika wa duk wanda ya tuna ya sa wa sikirin a 'yan watannin nan cewa ya dawo a sauya masa kyauta. Direban tasi ya zo, malamar makaranta ta zo. Da yawa sun ce sun riga sun gyara a wani wuri, kuma ya san wurin. Gwaji ya koma gida: da yamma ya haɗa, matarsa ta duba a bakin tagarta, ta manna ɗan guntun zare a ledar duk wanda ya tsallake. Ba ta sake tayar da maganar ɓoyon da ya yi mata ba, amma ta daɗe ba ta yi masa hirar da ta saba ba, kuma ya san dalili.

Ita da babbar 'yarsu suka kai shi asibiti, bai yi musu ba. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma da ya zo da wuri da abin ya zo da sauƙi. Aka yi aiki. Na dama ya buɗe tangaran, na hagu ya ɗan samu kaɗan. Tagwayen, waɗanda yanzu magidanta ne, suka zo duba shi da ledar lemo, suna ta Baba kaza Baba kaza, suna ba shi haƙuri wai babansu aiki ya riƙe shi. Ya gane ba su san komai ba. Ya sa musu albarka, bai faɗa musu ba. Bayan sun tafi ya juya fuska bango yana kuka ƙasa-ƙasa, matarsa ta yi kamar ba ta ji shi ba.

Da ya koma shago ya ga abubuwan da ya daɗe bai gani ba: ƙurar da ta taru a wuyan fitila, da yadda katakon da ya buga ya karkace. Ya ga Baban Tagwaye ma, ya yi furfura fiye da yadda yake zato. Kullum da safe mutumin yakan ce, "An tashi lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya." Iyakarta ke nan. Masu waya sun ɗan dawo, ba kamar da ba. Sunan da aka ɓata a layi ba ya wankuwa da aikin likita, har yanzu akwai masu zuwa su tsaya suna leƙa idonsa kafin su miƙa waya. Abin da ya fi damunsa shi ne ya kasa sanin inda abin ya faro. In ya tuna wani alheri da mutumin ya taɓa yi masa shekarun baya, sai ya tsinci kansa yana juya shi yana neman aibi.

Bayan an kwana biyu ɗaya daga cikin tagwayen ya kama wa ubansa shago a wani sabon gini a can wata unguwa. Ranar tashi aka kawo mota aka loda tebur da akwatuna. Baban Tagwaye ya bi layi yana sallama, ana ta dariya da addu'a. Shagon Mai Rediyo ya bari a ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"To, mutumina, ni zan wuce. Zama tare ba a rasa saɓani. Mu yafi juna."

Mai Rediyo yana tsakiyar jan alama a kan wani sikirin. Ya kai ta kusurwa, ya dawo da ita, sannan ya ɗago.

"Juna," ya ce. "To faɗi nawa. Me na yi maka? Faɗa min in roƙe ka gafara yanzu, ga mutane suna ji."

Baban Tagwaye ya juya hular a hannunsa. Ya kalli benci, ya kalli mai caja da ta tsaya da tsintsiya. Mai Rediyo ya jira. Da mutumin ya ce na cuce ka, ko da a hankali ne, da ya tashi ya kama hannunsa, ya san haka a ransa. Direban motar kaya ya danna hon.

"Ana jirana," in ji Baban Tagwaye. "Sai wata rana."

"Allah ya kiyaye hanya."

Da yamma matarsa ta tambaye shi ko sun yi sallama. Ya ce sun yi. Ta ce uwar tagwaye ta aiko tana tambaya ko za ta iya ci gaba da kawo ɗinkinta.

"Ta kawo mana," ya ce. "Ita me ta yi?"

Ya wanke hannu, ya jawo kwanon abinci. Ya ɗan ci kaɗan ya rufe, ya ce a ajiye masa sai anjima.